Na Ƙoshi

Ranar Litinin

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara da masu cin abincinki. Na ba direban motar safe wannan takarda ne, tunda wayarki kullum tana ƙarƙashin buhun albasa.

Na san kina fushi da ni. An ƙara wa Injiniya girma a wurin aiki, kika ce mu zo rumfarki ki dafa mana, ni kuma na ce ba zan kai manyan ofishin mijina su zauna a benci ba. To, Allah ya saka miki. Ranar Asabar da rana muka je gidan abincin nan da ake ta zuzutawa, wanda ke hawa na goma sha biyu, inda sai ka yi wata guda kana jiran tebur.

Yaya, wurin ya haɗu, amma shiru kamar ɗakin jarrabawa. Tebur ya fi talatin, duk a cike, ba ka jin ko ƙarar cokali. Ƙamshi ma babu, ko na albasa. Aka kawo min faranti mai faɗin tire, a tsakiyarsa ɗan kifi bai fi yatsa biyu ba, an ɗiga masa miya sau uku kamar maganin ido. Na gutsura, ba gishiri ba yaji. Na ture shi gefe.

Sai ga mai kawo abincin, wani dogo da farar safar hannu. Ya sunkuyo ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ƙoshi?" Matar shugaban su Injiniya ta zuba min ido. Me zan ce? Na ce, "Na ƙoshi, na gode." Ya ce, "A sake faɗa, ranki ya daɗe, ban ji ba." Na sake faɗa. Ya yi murmushi, ya kifa murfi a kan farantin, ya ɗauke shi da hannu biyu yana lallaɓawa.

Injiniya kuwa, kin san shi da rashin kunya, cewa ya yi bai ga abin da zai ƙosar da shi ba. Muna saukowa ya tsaya wurin mai gasa nama a bakin titi, ya ci har yana lumshe ido. Ya yi min tayi, na ce na ƙoshi. Abin dariya, har yau ban ji yunwa ba. Ƙila rage ƙiba ce ta zo min a sauƙaƙe.

Kumatu ta cika wata huɗu, tana nan tana ta tsotso. A gaida kowa.

Taki,
Auta

Ranar Laraba

Auta,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, benci ma yana gaishe ki.

Na yi dariya har ludayi ya suɓuce cikin miya. Amma da na zo kan mai safar hannu, dariyar ta tsaya.

Tun bara akwai wasu mutane da ke zuwa rumfata da azahar. Kaya masu tsada, agogo yana yawo a hannu saboda rama. Su sayi faranti, su zauna a ƙarshen benci, su zuba wa direbobi ido suna kai loma. Ba sa taɓa nasu. In na ce, "Bismillah mana," sai su ce, "Na ƙoshi," kuma duk muryarsu iri ɗaya. Wata mata a cikinsu na tsare ta, na ce to me ya kawo ki? Ta ce ta zo ne ta tuna yadda ake yi. A bakinta na fara jin zancen wannan gida naku. Tun watan jiya ban sake ganinta ba.

Kin tuna Inna? Baƙo ya ce mata ya ƙoshi, sai ta ce, "Bakinka na ji, ban ji cikinka ba," ta ƙara masa ludayi. Kowa ya san "na ƙoshi" ta kunya ce, ba mai ɗaukarta da gaske. Su can da gaske suke ɗauka. Ki koma ki karɓo maganarki. Ki ce ba ki ƙoshi ba, da ƙarfi, ko wa ke zaune a wurin.

Shayarwa kike yi, kar ki yi wasa. Ki gaida Injiniya, ki sumbaci Kumatu.

Yayarki

Ranar Alhamis ta sama

Yaya,

Ina gaisuwa. Ki yi haƙuri da rubutun, a kwance nake yinsa.

Yau kwana goma sha biyu rabona da abinci. Ruwa da shayi kawai nake sha, su ma don Injiniya yana tsaye a kaina. Likita ya auna ni sama da ƙasa, ya ce bai ga komai ba. Da an miƙo min abinci, kafin in yi tunani bakina ya riga ya ce na ƙoshi, hannuna ya ture. Ba ni ke faɗa ba, Yaya. Nono ya ƙafe. Kumatu ta ƙi madarar gwangwani, sai ta kama ni ta saki ta fashe da kuka. Kumatun da muka sa mata suna dominsu sun fara zubewa. Tsoro nake ji.

Na koma jiya da rana kamar yadda kika ce. Ban kama tebur ba, amma ina shiga mai safar hannun nan ya tare ni a ƙofa, ya ce, "Muna ta jiranki." Ya kai ni teburin ranar nan. Ya kawo faranti ya ɗaga murfi. Kifina ne. Ga gurbin da na gutsura, ga janbakina a jikin cokalin, kuma tururi yana tashi kamar yanzu aka sauke. Na duba sauran teburan, kowa da farantinsa a gabansa, ba mai ci. Matar shugaban tana gefen taga, ta naɗa wa zobenta zare don kar ya faɗi. Ta ɗaga min hannu.

Ya sunkuyo ya ce, "Ranki ya daɗe, kin ƙoshi?" Tun daga gida nake bitar amsar. Sai duk ɗakin suka juyo a tare, mutum sama da sittin, masu mutunci, suna jiran su ji. Wace mace ce za ta buɗe baki a gaban jama'a ta ce ba ta ƙoshi ba? Na faɗi abin da kika sani. Wannan karon bai ce in maimaita ba.

Ki yafe min zancen benci.

Ƙanwarki

Ranar Juma'a

Auta,

Na yafe. Ki goya Kumatu ki biyo motar safe. Ki taho da tsofaffin kaya, aiki za ki yi.

Yayarki

Ranar Talata

Zuwa ga Injiniya,

Assalamu alaikum, ina gajiyar aiki? Ka kwantar da hankalinka, ga labarin iyalinka.

Tunda ta iso na hana kowa a rumfar nan yi mata tayi, domin tayi ne bakin nata yake amsawa. Na ɗora ta a kan wanke tukwane. Kwana biyu tana yi tana tangaɗi, ni kuma na ɗaure fuska, sai in shiga bayan buhuna in share hawaye.

Jiya na bar shinkafa ta kama da gangan. Na sauke tukunyar a gabanta, na ɗaga murya na ce wannan ƙanzon nawa ne, duk wanda ya taɓa shi zai gamu da ni. Tun tana yarinya ba ta taɓa bar min ƙanzo ba. Can na leƙa bayan rumfa, na same ta a durƙushe, kai cikin tukunya, tana kankara da cokali. Na ce, "Ɓarauniya!" Ta ɗago da baki duk maiƙo, ta ce, "Yaya, babu wani?" Da la'asar Kumatu ta kama nono. Kaɗan ne, amma da kunnena na ji tana haɗiya.

Saura abu ɗaya. Yau da azahar wani dogo mai farar safar hannu ya tsaya a bakin rumfa, riƙe da faranti a rufe. Ya gaishe ni da ladabi, ya tambaya ko ta ƙoshi. Na ce da saura. Ya ce to zai tambayi maigidanta.

Yau dai rashin kunyarka ya yi rana. In ya ƙwanƙwasa, kar ka karɓi farantin, kar ka yi masa godiya. Ka ce masa da saura.

Allah ya tsare.

Yayarku mai benci