Mangwarona a Ƙasar Yaya

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Na leƙa kurminmu na fadama. Mangwarona ukun sun yi fure, amma bayan ganyen cike da wani farin ƙwaro kamar an barbaɗa auduga. In ka taɓa, danƙo. Ban taɓa ganin irinsa ba. Raina bai so ba.

Laraba, 12 ga Fabrairu

Ganye ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, fure sai zuba. Ɓaure da gwaibar bakin rafi su ma sun kamu. Darbejiya kuwa ko a jikinta, 'ya'yanta sai tsirowa suke a ƙarƙashi, marasa kunya.

Da aka raba gadon Baba, Yaya Abdulkabir ya ɗauki ƙasar, ni aka ba ni bishiyoyin nan. Muddin suna tsaye ina shiga ba sai na ce wa kowa ga ni ba. Ranar da suka faɗi, duk abin da ya tsiro a gurbinsu na mai ƙasa ne. Shi ke nan abin da ke cina.

Juma'a, 7 ga Maris

Malamin gona ya zo daga Gezawa. Wai baƙon ƙwaro ne, a jikin dashen da ake kawowa daga kudu ya biyo. Wa ya kawo dashe bara? Yaya. Na kalle shi, ya kalli rafi.

Malamin ya ce nawa sun fi kamuwa, kuma sun yi tsayin da feshi ba zai kai ba. A sare, a ƙone ganyen. In ba haka ba, nan da 'yan shekaru kurmin nan darbejiya ce zalla. Na ce da bakin azumi ba zan yi musu ba, amma ba mai taɓa min ice.

Lahadi, 23 ga Maris

Na watsa toka, na watsa ruwan sabulu iya inda hannuna ya kai. Aikin banza.

Litinin, 14 ga Afrilu

Yaya ya zo har gida. "Tahira, ko ba bishiya wa zai hana ki shiga? Ni ne fa." Na ce, "Yaya, kai ne yau. 'Ya'yanka fa, da nawa?" Ya tashi ya tafi. Na san ba mugunta yake nufi ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Da ya yi faɗa da na samu na rama.

Bana ko ɗan mangwaro ɗaya ban kawo gida ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Malam Madu, mai lambun da ke ƙasa da mu, ya tsayar da ni a hanya. Bai roƙe ni komai ba. Ganye ya ciro daga aljihu, ya juya min bayansa. Fari fat. Ya ce, "Malama, abin da ya ci Doma ba ya barin Awai." Lambun nan shi ne cinsa, shi ne shansa, ga tsufa. Na rasa inda zan sa idona. Haushinsa nake ji, ban san dalili ba.

Talata, 20 ga Mayu

Ni ban ce a sare ba, Allah shaida ne. Na dai aika wa Yaya cewa yau ba zan je fadama ba, ina da wanki.

Da hantsi aka fara jin kukan injin yankan ice daga fadama. Na wanke har abin da ba shi da datti.

Da la'asar ya aiko da amalanke cike da ice, wai rabona ne. Maƙwabciyata Ummu Salma ta leƙo, ta ce wannan uban ice daga ina? Sai na ji bakina ya ce, daga kurmin Yaya.