Bayan Babbar Sallah Zan Dawo

Zuwa ga Yaya Amatullah,
Unguwar Ɗan Iya, Bauchi.

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Inna? Yaya 'yata Zinatu da na bar miki?

Ni dai lafiya lau nake. Sanyin Ingila ne kawai, sai bayana da ke ɗan ciwo saboda ɗaga tsofaffi a wurin aiki, amma kada ki faɗa wa Inna.

Digiri na biyu da nake yi ta intanet ya kusa ƙarewa. Ranar Talata aka sa na koyar da ɗalibai ta kwamfuta yadda ake juya mara lafiyan da ya daɗe a kwance. Malamarmu ta tambaye ni a wane asibiti na koyi lallashin majinyaci haka kafin in taɓa shi. Na ce, "A ɗakin marigayi mahaifinmu, wurin yayata."

A wurin aiki sun nemi in sabunta kwantiragi, na ƙi. Bayan Babbar Sallah zan dawo gida in nemi koyar da ɗaliban jinya, in Allah ya yarda.

Na ji kin yi wa Zinatu faɗa don ta kira ni Anti a waya. Don Allah ki ƙyale ta. Ko magana ba ta fara ba na tafi, ke ta sani. Ki dai riƙa nuna mata hotona, kada ta gudu ranar da na yi sallama.

Allah ya saka miki da alheri.

Ƙanwarki,
Ni'ima