Alhamis ɗin Malama Kaltume

Tudun Wada,
Lahadi.

Zuwa ga maigidana, Baban Khalifa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya sanyin Riruwai? Tarin nan ya sake ka kuwa? Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi, tana sa maka albarka. Masarar gonar bakin rafi ta shigo gida. Tunda waya ba ta shiga a wajen haƙar ma'adinanku, na ba direban motar kasuwa wannan takarda.

Akwai maganar da nake so ka ji daga bakina. A makarantar su Rumaisa an kawo wata sabuwar malama, Malama Kaltume, mutuniyar garin Ƙofa. Kowace Alhamis tana tara ɗalibai tana koya musu yadda za su girmama juna, su kuma kare kansu. Matan unguwa suka yi ta ƙorafi wai tana buɗe wa yara ido. Hankalina bai kwanta ba, sai na saka hijabina na je na zauna a bayan aji.

Baban Khalifa, ban ji kalma ɗaya ta rashin kunya ba. Cewa ta yi jikin kowa amana ne, ba wanda yake da ikon taɓa shi, ko ɗan'uwa ne ko malami. Ta ce duk sirrin da aka ba yarinya ya hana ta barci, to ba na riƙewa ba ne. Sannan ta sa 'yan matan suka miƙe, kowacce ta ce "A'a" da ƙarfi. Da farko dariya suke ta yi suna rufe fuska, Rumaisarka ma ko muryarta ba a ji. Malama ba ta yi fushi ba, ta yi ta maimaita musu har ajin ya ɗauka. Su kuwa mazan, tambayarsu ta yi wa zai so a yi wa ƙanwarsa fito a hanya. Duk suka sunkuyar da kai.

Malam Abdulmumini liman shi ma ya je ya saurara. Da ya fito ya ce wa iyaye maza wannan ai tarbiyya ce, a bar ta ta yi aikinta.

Yara na gaishe ka. Allah ya tsare min kai.

Taka,
Habiba.

Tudun Wada,
Laraba.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka fara da sanin cewa Rumaisa lafiyarta ƙalau, ba abin da ya same ta sai ƙujewa a gwiwa. Don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ranka ya ɓaci.

Ranar Litinin da aka tashi daga makaranta, Abdulganiyu abokinka, wanda ka bar wa amanar ɗauko mana hatsi, ya tsaya da babur ya ce ta hau ya kawo ta gida. Ta hau, tunda Baba take kiransa. Sai ya bar titi ya ɗauki hanyar gonaki, yana faɗa mata maganganun da ba zan iya rubutawa ba, yana cewa kada kowa ya ji. Ta ce ya tsaya, ya ƙi. Da suka zo daidai inda mata ke sussukar dawa, ta buɗe murya ta yi ihu, ya rage gudu, ta diro. Yarinyar nan da ko a gida sai an ce ta ɗaga murya! Matan suka taso da taɓarya, ya juya ya gudu.

Rumaisa ta koma makaranta da gudu, Malama Kaltume ta riƙo hannunta suka tako har gida. Da na ji labari, sai na buɗe baki zan tambaye ta me ya sa ta hau. Malama ta dafa ni, ta ce a hankali, "Maman Khalifa, fara ce mata kin yarda da ita." Na faɗa. Sai a lokacin Rumaisa ta fashe da kuka ta faɗo jikina.

Matar nan ba ta bar gidan ba sai da ta ga yarinyar ta ci abinci. Washegari ta raka mu wajen mai unguwa tare da yayanka Hamman, daga can aka kai maganar ga hukuma, matan sussuka biyu suka ba da shaida. Malama ba ta bari an yi ta yi wa Rumaisa tambayoyi a gaban jama'a ba.

Yaya Hamman yana cewa a cire ta daga makaranta. Ina roƙonka kada ka yarda. Ba laifin da ta yi, kuma ita da kanta ta ɗauki jakarta yau da safe.

Ina jiran amsarka.

Taka,
Habiba.

Tudun Wada,
Juma'a.

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Da fatan ka tashi lafiya. Saƙonka ya iso, na karanta wa Rumaisa inda ka ce ta ci gaba da karatu, kuma kana alfahari da ita. Ta karɓi takardar ta shige ɗaki, ta daɗe ba ta fito ba. Allah ya saka maka da alheri.

Buhun masarar da ka ce a kai wa Malama na kai, amma ta ƙi karɓa. Ta ce idan kana son yi mata alheri, ranar da ka dawo ka zo ajin Alhamis ka yi wa yaran maza magana, don akwai abin da sai daga bakin uba suke ji. Na san ba ka son tsayawa a gaban taro. Amma na riga na ce mata za ka zo, kuma na wanke maka farar rigarka.

Sai ka iso. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka,
Habiba.