Jilbabin da Zai Shiga Ɗakin Gwaji

Zuwa ga Gwaggona abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Kafin komai ina neman afuwarki, Gwaggo, da na yi ƙarfin halin rubuto miki da hannuna, alhali ban taɓa yi ba, kuma ba ki ce in yi ba. Na san a gidanmu manya ne ke aika wa manya saƙo, mu yara sai dai a ce muna gaishe ki. Ko an miƙo mini waya in kin kira, kin san halina, gaisuwa kawai nake iyawa, daga nan sai bakina ya mutu har ki gaji ki ce in mayar wa Mama. Maganar da ke raina ta fi ƙarfin irin wannan gaisuwar, shi ya sa na zauna na rubuta. Idan na yi rashin kunya, ki yafe mini.

Ina fatan wasiƙar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Abba da 'yan uwana duka. Allah Ya ƙara muku lafiya, Ya sauƙaƙa miki aikin asibiti, Ya ba ki ladan marasa lafiyar da kike tsayawa a kansu. Mu ma nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Gwiwar Kaka ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida da sandarta tana yi wa kowa faɗa, wanda Mama ta ce shi ne babbar shaidar ta warke. Yaya yana nan yana jiran sakamakon makarantarsa, ba shi da aiki sai tsokanata. Auta kuwa haƙoranta na gaba sun fita, ta daina dariya sai ta rufe baki da hannu.

Gwaggo, jilbabin da kika aiko mini ya iso, kuma ban san da wane baki zan gode miki ba. Shuɗi ne mai duhu daidai launin makarantarmu, kamar yadda kika tambayi Mama. Yadin yana da santsi da sanyi, ba ya yamutsewa ko an kwana a kansa, hannuwansa kuma masu faɗi ne, in na ɗaga su sai su zubo kamar labule. Ranar da na gwada shi Kaka ta sa na yi ta kai da kawowa a gabanta, ta ce yau dai ta ga 'yar mutane. Mama ta isar mini da saƙonki cewa ranar jarrabawa kike so in sa shi, ki ji kamar kina tare da ni. A kan wannan saƙon ne nake so in yi miki bayani.

Kin san a bana za mu rubuta jarrabawar fita, kuma a kemistiri akwai ɓangaren da ake yi da hannu a ɗakin gwaji. Wanda bai yi wannan ɓangaren ba bai ci kemistiri ba, wanda kuma bai ci kemistiri ba, ba zai shiga makarantar koyon jinya ba. Ban taɓa faɗa miki ba, amma tun ina ƙarama aikinki nake so in yi. Ranar da aka fara kai mu ɗakin gwaji don shiri, sai na kasa haƙuri na sa jilbabinki. Malamar kemistiri tana tsaye a bakin ƙofa tana duba kowa. Da na iso ta tare ni da hannu, ta murza yadin, ta ɗaga hannun rigar ta sake shi. Ta ce mini, cikin taushin murya, wallahi 'yata ya yi kyau, amma ba zai shiga ɗakin nan ba. Ta ce hannun zai share kwalabe daga kan tebur, kuma kowane tebur akwai ɗan murhun gas da ake kunnawa. Sauran 'yan matan gajeren hijabi suke sawa su cusa shi cikin farar rigar gwaji. Ta ce in samo irinsa, in ba haka ba ko ranar jarrabawa ba za ta bar ni in shiga ba. Ranar ta taga na kalli darasin.

Da na koma gida Mama ta ce wannan magana ta Baba ce. Ita ta faɗa masa, ina raɓe a bakin ƙofa. Bai ɗaga murya ba, kin san ƙaninki. Ya ce shi 'yarsa ba za ta fita da hijabin da ya tsaya a kafaɗa ba, kuma duk abin da ta sa daga ƙofar gidansa, da shi za ta dawo, ba a cire komai a hanya. Ya ce in ɗakin nasu ba ya karɓar sutura, to a mayar da ni ajin adabi, ilimi ai ba a kwalba kaɗai yake ba. Gwaggo, ni ma ba gajeren hijabin nake so ba. Tunda na fara sa jilbabi nake jin natsuwa a hanya, ba na son in koma baya. Haka aka yi ta tafiya, 'yan ajinmu suna ciki ni ina taga, har Yaya ya sa mini suna Likitar Taga. In na shigo gida sai ya miƙe ya ce sannu da aiki likita, yau marasa lafiya nawa kika leƙa.

Daga tagar nan ne na ji Malama tana bayanin yadi. Ta ce auduga in ta kama wuta ci take yi ta zama toka, amma yadin roba narkewa yake yi ya manne a fata, kuma zare ɗaya ya isa a gane bambancin. Da na dawo gida na juya jilbabinki, na zaro zare daga cikin ɗinkin ƙasa inda ba a gani. Ki yi haƙuri, ko alama bai bari ba. Na zaro wani daga tsohon zanin Mama na auduga. Da yamma Baba ya dawo yana shan shayi, na ɗauko faranti da ashana na durƙusa a gabansa. Na shirya jawabi mai tsawo a raina, amma da ya ɗago ya dube ni duk ya gudu. Sai kawai na kyasta ashana. Zaren Mama ya ci, ya bar 'yar toka. Na jilbabin kuwa ya nannaɗe da gudu, ya dunƙule ya zama baƙin ƙwallo, ɗakin ya ɗau warin leda. Baba ya ajiye kofi ya taɓa shi da yatsa, ya manne masa.

Ya daɗe yana kallon yatsan. Mutumin da ya yi rayuwarsa a shagon walda, hannuwansa duk tabon tartsatsi, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya juya wajen Mama ya ce me ya sa tun farko ba wanda ya gaya masa maganar wuta ce. Shi ya ɗauka malamar suturar ce ba ta so. Mama ta ce ai ta faɗa, kunnensa ne ya tsaya a kan gajeren hijabi ya ƙi wucewa. Ya ce to daga yau a bar masa zancen, wuta aikinsa ce. Ya ƙara da cewa sharaɗinsa yana nan, ba a rage tsawo, ba a cire komai.

Washegari sai ga shi da yadi a kafaɗa, irin wanda yake ɗinka rigar walda da shi. Gwaggo, da ya ajiye shi a tsakar ɗaki, yadin tsayawa ya yi da kansa don tauri. Mama ta dube shi ta ce, Malam, jarrabawa yarinyar nan za ta rubuta ko rumfa za ta kafa. Kaka ta yi dariya har da tari, ta ce in an sa mini wannan sai dai a turo ni makaranta a baro. Baba ya ce su yi ta dariya, shi dai ya san ko tartsatsi ba ya huda shi. Amma da ya ɗora mini a ka ya ga wuyana ya lanƙwashe, shi ma sai da ya murmusa ya naɗe kayansa.

Ranar da ba ya aiki ya ce mu shirya, da shi za a je shagon yadi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shagon cike da mata, shi kaɗai ne namiji ban da mai shagon, ga ashana a aljihu. Duk yadin da aka sauko da shi sai ya roƙi zare ɗaya, ya fita bakin ƙofa ya kyasta. Mai shagon ya ce, Alhaji, in ka tashi ƙone mini shago ka bari in fitar da iyalina tukuna. Wata tsohuwa ta tambayi Mama ko maigidan lafiya yake. Ni dai ina bayan Mama ina ji kamar in nutse. Mai shagon yakan rantse wannan auduga ce zalla, ashana kuma ta ƙaryata shi, har ya gaji ya fara zaro wa Baba zaren da kansa. Wanda ya tsallake wuta kuma sai ya faɗa hannun Mama, ta ɗaga shi ta fuskanci hasken ƙofa, ta sa tafinta a baya. In ta ga inuwar yatsunta sai ta ajiye, ta ce abin da ya nuna hannu zai nuna jiki. Wani ya yi kauri amma ta ce zafi zai kashe ni a aji. Da ƙyar aka samu ɗaya, auduga mai nauyi kaɗan, shuɗinsa bai kai naki kyau ba amma makaranta za ta karɓa.

Wajen Anti mai ɗinki, wadda ke bayan layinmu, Baba bai shiga ba. Ya tsaya a waje yana aiko umarni, Mama tana isarwa, Anti tana riƙe da tef tana cewa ta shekara tana ɗinki ba ta taɓa samun mai walda ya zana mata riga ba. Abin da aka tsaya a kai shi ne a yi shi gida biyu. Na ƙasa ya sauka har idon sawu amma kada ya ja ƙasa. Na sama ya rufe ƙirji da baya ya wuce ƙugu, a ɗaure shi da igiya ta bayan kai, ba fil ba abin da zai zame. Hannun ya fito da faɗi daga kafaɗa don kada ya kama jiki, sai ya tsuke da roba a wuyan hannu. A kansa zan ɗora farar rigar gwaji babba wadda ta wuce gwiwa. Da farko robar ta matse ni har ta bar mini shaida, aka mayar aka sassauta. Mama kuma ta hana a yanke ragowar tsawon, ta ce a kalmashe shi ciki, wata rana Auta za ta gada.

Da aka kawo shi Baba ya sa na sa duka, har da farar rigar. Ya jera kofuna a kan tebur ya ce in yi kamar ina ɗakin gwaji. In miƙa hannu sama kamar zan ɗauko abu a kan kanta, in sunkuya, in juya da sauri, in miƙa hannu ta saman kofunan. Yana zagaya ni yana duba ko wani wuri ya buɗe ko wani abu ya lilo. Yaya yana gefe yana cewa a yi hankali, likita na tiyata. Ko kofi ɗaya bai motsa ba. Baba ya koma ya zauna, ya ce to, saura malamar.

Shi ya sa, Gwaggo, nake roƙonki kada ranki ya ɓaci. Ranar jarrabawar ɗakin gwaji ba naki zan sa ba. Ba raina shi na yi ba, Allah Ya sani, shi ne mafi kyawun abin da na mallaka. Duk ranakun da za mu rubuta a takarda shi zan sa, in sha Allahu. Na fi son ki ji daga gare ni da ki ga hoto ki yi zaton ban so kyautarki ba.

Jiya aka sake kai mu ɗakin gwaji. Na shiga layi ina tunanin in Malama ta ce a'a ban san abin da ya rage ba. Malama ta murza yadin, ta ja robar hannun ta saki, ta juya ni ta duba ɗaurin. Ta tambaye ni wa ya zaɓa. Na ce Babana ne, da ashana. Ta yi dariya sosai, ta ce in gaishe shi, in ce masa da iyaye duka haka suke da ta huta. Sannan ta matsa daga bakin ƙofa ta nuna mini teburina. Da hannuna na kunna murhun, ya kama. Da yamma Baba ya dawo, bai tambaye ni ko an bar ni na shiga ba. Ya wanke hannu, ya zauna, sannan ya ce wutar tawa wane launi ta yi. Na ce shuɗiya. Ya gyaɗa kai ya ce to na iya saita ta, ya ce Mama ta zuba masa shayi.

Kaka tana gaishe ki, ta ce ki rage tsayuwa kada ki gaji gwiwarta. Baba da Mama suna gaishe ki, su ba su san na rubuto ba tukuna, amma zan nuna wa Mama kafin in aika. Yaya da Auta ma suna gaisuwa. Ki gaishe mini da Abba da girmamawa, da Babban Yaya, da 'Yan Biyu, da jaririyar da ban gani ba sai a hoto. Ki sa ni a addu'a, jarrabawar ta matso.

Akwai abubuwa da yawa da nake so in tambaye ki game da aikinki, da irin suturar da kike sawa a ɗakin marasa lafiya, amma na riga na cika ki da surutu. Idan wannan wasiƙa ba ta yi miki nauyi ba, Gwaggo, ina neman izininki in sake rubuto miki.

Wassalamu alaikum.

'Yarki mai ƙaunarki,
wadda kike kira Shiru-Shiru