Saura Kwana Tara a Bizarka, Bashir

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, daga yayarka Hadiza a unguwar Shisha, Makka.

A nan na rubuta inda kowa zai gani, tunda ka daina ɗaga waya amma ba ka daina sa hoto ba. Ka ji kunya in kana da ita.

Wata biyu ka ce mana. Za ka tuƙa kafilinka, ubangidan da ya tsaya maka a takarda, da iyalinsa su yi hutun zafi a wani ɗan garin kasuwa cikin duwatsun Ostiriya, ku dawo tare. Su sun dawo tun kafin Arfa. Kai kuwa ka tsaya gasa wa Larabawa 'yan yawon buɗe ido nama a wani gidan abinci.

Na ga bidiyon. Kana tsaye kan bangon dam, ƙanƙara a bayanka, ruwa na gangarowa daga dutse yana juya injinan da ke ba su wuta, kana ihu wai "Yaya, dubi ruwa ba mai shi!" Na duba. Na sake dubawa, har wayar ta yi zafi a hannuna.

Na san abin da ya kama ka, ai tare muka tashi. Tare muke tsayawa bakin titi da rana tsaka muna jiran motar ruwa. Ran da aka ɗauke wuta Umma na kwance da zazzaɓi, kai ka yi ta mata fifita da kwali kana cewa wata rana sai ka je inda sanyi yake kyauta. To, ka je, ka gani. Sai me?

Bashir, bizarka ta fita da dawowa saura kwana tara. In ta mutu kana waje, iƙamarka, takardar zamanka a nan, ta bi ta. A Makka aka haife ka, amma takarda ba ruwanta da wannan. Fasfonka na Nijeriya ne, ƙasar da ko sau ɗaya ba ka taɓa takawa ba. Sau biyu ina zuwa unguwar Aziziyya roƙon kafilinka ya ƙara maka wa'adi. Na biyun ko zama bai ce in yi ba, "halas" kawai ya ce, wato magana ta ƙare.

Wallahi na kasa zama wuri ɗaya. In shiga ɗakinka, in fito, ban san me na je ɗauka ba. Haushinka nake ji, tsoro kuma ya fi haushin.

Umma ta daina tambayata yaushe za ka zo. Jiya bayan la'asar tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in ba za ka dawo ba ka kira ka faɗa mata da bakinka, ta yafe maka tun tana da ran yafewa.

Ɗan'uwana, kar ka bari ta kai ga haka. Allah Ya tsare ka, Ya karkato da zuciyarka gida tun ƙofa na buɗe.

Yayarka,
Hadiza