Na ga mijin aminiyata da ya ɓace a gidan abincin Faransawa

Daga mai kula da zaure: wata 'yar uwa ce ta turo mini wannan ta imel, ta roƙi a saka shi ba tare da sunanta ba. Ga shi yadda ta rubuto.

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, manya da ƙanana. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na daɗe ina karanta damuwar wasu a nan, ban taɓa zaton tawa za ta zo ba. Sunayen da zan ambata duka na canza su.

Ni 'yar Nijar ce, ina zaune a Greensboro ta Amurka da mijina da yaranmu uku. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, yanzu haka wata tsohuwar Baturiya nake kula da ita a Sedgefield, zan kira ta Madam. Tun da ta gane ina jin Faransanci ta maƙale mini, wai ta zauna a Paris tana budurwa, kullum sai mun taɓa hira da shi ko da rabin kalmomin sun gudu mata. Ina da aminiya, Rakiya, tare muka yi lekwal, wato makarantar boko, a Maraɗi, Allah ya sake haɗa mu a nan. Mijinta Isuhu, muna ce masa Baban Abdul, direba ne, mutum mai sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Shekara huɗu da suka wuce ya fita da safe ya ce za shi wajen lauya kan maganar takardunsa, daga nan ba a sake ganinsa ba. An duba asibitoci, an duba gidajen yari, an tambayi 'yan imigireshan, an tambayi mutanenmu na New York, an buga waya gida, shiru. Wasu suka ce an mayar da shi Afirka, wasu suka ce ya mutu a hanya an binne shi ba a san ko waye ba. Rakiya ta riƙe yaranta biyu da kitso, tun safe tana tsaye a kan kawunan mutane har yatsunta su kumbura. Mahaifiyar Isuhu ta rasu bara a gida, har ta cika tana tambayar ko an ji labarinsa.

A farkon shekarar nan Malam, limamin masallacinmu, ya zauna da dattawa, aka raba auren tun da ba miji ba labarinsa, ta yi idda ta gama. Ina da yaya, Mahamadu, uwa ɗaya uba ɗaya, yana aiki a wani sito a Wendover, matarsa ta rasu tun kafin ya zo ƙasar nan. Ni na haɗa su. Ni na yi ta kai da kawowa har Rakiya ta yarda, don da farko cewa ta yi ta gama da aure. An sa rana bayan Babbar Sallah, kowa yana murna, ni na fi kowa.

Watan jiya Madam ta cika shekara tamanin, ɗanta da ke zaune a Washington ya ce a kawo ta can a yi mata biki, aka ce in bi ta saboda keken guragu da magungunanta. Ranar bikin da rana aka kai mu wani gidan abincin Faransawa a bakin kogin Potomac. Ban taɓa shiga wuri irinsa ba. Bangon gaba duka gilashi ne, kana zaune kana kallon ruwa da ƙananan jirage suna wucewa, teburori da fararen ƙyallaye, kowane mutum cokula da wuƙaƙe a jere gabansa kamar za a yi tiyata, kofunan gilashi har uku. Mutane suna magana ƙasa-ƙasa. Ni kaɗai ce mai ɗankwali a ɗakin. Aka zaunar da ni kusa da Madam, ta ce in karanta mata menu da ƙarfi don jikokinta su ji yadda ake faɗin sunayen. Ina karantawa suna dariya, dodon koɗi da man shanu da tafarnuwa, hantar agwagwa, ƙafar kwaɗo, ni kuma ina laluben abin da zan iya ci, na tsaya kan kifi.

Ma'aikacin da zai karɓi odarmu ya zo ya tsaya ta bayana. Ban ɗaga kai ba, na ce masa da Faransanci kifi nake so, amma kada a sa giya a miyar kuma kada naman alade ya taɓa shi. Ya ce mini to, zai faɗa wa mai girki. Muryar ce ta sa na juya. Ya rame, ya aske gemu, yana sanye da farar riga da baƙar falmaran, amma ga tsagar nan guda a kumatunsa na hagu. Baban Abdul ne. Ya gane ni kamar yadda na gane shi, don ruwan da yake zuba mini sai da ya zube a kan ƙyallen tebur. Ya ba da haƙuri da Faransanci kamar bai taɓa ganina ba, ya wuce. Na ji wani abokin aikinsa ya kira shi Joseph.

Ban san yadda na yi zaman nan ba. Aka kawo burodi mai ɗumi, aka kawo miyar albasa, aka kawo kifina a babban faranti da ɗan lemon tsami da dankali ƙanana, na riƙa yankawa ina kaiwa baki, ban ji ɗanɗanon komai ba. Madam tana ta labarin Paris, ni ina yanka mata nama ƙanana-ƙanana ina goge mata baki, idona yana kan mutumin da muka yi wa addu'ar mamaci a falon Rakiya, ga shi yana zagaya tebur yana zuba wa mutane jar giya. Da aka kwashe farantai na ce zan shiga banɗaki. Yana tsaye a lungun banɗakin, ya ce da Hausa, "Maman Nana, biyo ni." Muka fita ta ƙofar baya, wajen da suke ajiye kwandunan shara, kogin yana nan ƙasa da mu.

Na ce, "Baban Abdul, ashe kana raye? Me Rakiya ta yi maka?"

Ya ce, "Ba ta yi mini komai ba. Zan faɗa miki, amma sai kin rantse ba za ki faɗa wa kowa kin gan ni ba."

Na rantse da Allah, don a zatona wata mata ce ko rigimar 'yan sanda. Sai ya ce lokacin da yake neman takardun zama an tura shi gwajin lafiya, likita ya faɗa masa yana ɗauke da ƙanjamau. Ya ce bai san tun yaushe ba. Lauya ya ce da wannan sakamakon takardun ba za su fito ba. Ya ce ya zauna a mota a gaban gidansu yana kallon tagar kicin, ya kasa shiga, ya juya. Yanzu yana karɓar magani a wani asibiti a can, yana aiki, ba ya zuwa inda 'yan ƙasarmu suke.

Ya ce, "Na tafi ne don kada in cuce ta."

Na ce, "In kuma ka riga ka sa mata fa? Ita ba a kai ga nata gwajin ba, ka sani."

Ya tambayi yara, na ce suna lafiya, Abdul ya kusa kamo shi tsawo. Sannan ya ce, "Inna fa?" Na so in yi ƙarya, bakina ya ƙi. Na ce ta rasu bara da azumi. Ya durƙusa a wurin, tsakanin kwandunan shara, ya rufe fuska da tawul ɗin da ke hannunsa, babu sauti, kafaɗunsa kawai ke motsi. Duk da haka na daure na faɗa masa an raba aurensu, Rakiya za ta yi aure bayan Sallah. Ya ce wa za ta aura, na ce yayana. Ya ce Allah ya sa alheri, in san yadda zan yi su yi gwaji, amma kada sunansa ya fito, don in ya fito yaransa ba za su sake shiga masallaci ko gidan suna ba a nuna su ba. Aka leƙo aka kira Joseph. Ya wanke fuska a famfon wurin ya koma ciki. Da na dawo kujerata, shi ne ya fito da kek ɗin Madam da kyandir a kai, yana cikin masu yi mata waƙa.

Tun da na dawo Greensboro ban samu natsuwa ba. Na fara da hanyar da ya ce. Na je wa Rakiya da wasa-wasa, na ce a wajen aikinmu ana ba da shawara duk masu shirin aure su yi gwajin jini, me zai hana ita da Yaya su je, ni zan kai su. Ta ajiye kitson da take yi ta shiga ɗaki, da na bi ta na same ta tana kuka. Ta ce shekara huɗu tana zaune ba ta kalli namiji ba, mutanen gari sun yi ta da bakinsu ta haƙura, ashe ni ma abin da ke raina ke nan, in ina ganin ba ta dace da yayana ba in fito fili in faɗa. Na yi ta rantsuwa ba haka ba ne, ba ta saurare ni ba. Ta kai ƙarata wajen Yaya. Shi kuma ya zo har gida ya yi mini faɗan da bai taɓa yi mini ba, ya ce aikin Turawa ya lalata mini tunani, shi ya yarda da matar da zai aura, kuma kada in sake tayar da maganar.

Da abin ya ishe ni na faɗa wa mijina komai, na san a nan ma na taɓa rantsuwar. Na zaci zai ce mu tashi mu je wajen Yaya, sai ya ce in rufe bakina. Ya ce ban da tabbacin Rakiya tana da komai, wataƙila Allah ya tsare ta, amma ranar da maganar ta fita ko tana da shi ko ba ta da shi an gama da ita a garin nan, babu wadda za ta sake miƙa mata kai ta yi kitso, babu mai cin abincinta a taro. Ya ce kuma in aka ji Isuhu yana raye za a fara gardama kan raba auren, a jawo Malam ciki. Na ce ran ɗan uwana fa? Ya ce rai a hannun Allah yake. Mun kwana biyu ba ma magana in ba gaisuwa ba.

Na nemo lambar gidan abincin na buga, da niyyar in roƙi Baban Abdul ya kira Rakiya da bakinsa. Matar da ta ɗauka ta ce Joseph ya bar aiki kwanaki kaɗan bayan zuwanmu, bai bar adireshi ba. Yanzu ko na yi magana ba ni da shaida, sai dai a ce na ƙirƙira don in hana auren.

Ga abin da ya fi damuna. Rakiya ta rame a shekarar nan, tana yawan tari, wani lokaci ƙuraje su fito mata a baki. Da can cewa muke gajiya ce da tunani, kuma wataƙila hakan ne, amma yanzu duk tarin da ta yi sai gabana ya faɗi. Ba ta da inshora, ba ta zuwa asibiti sai dai ta sha maganin ciwon kai ta ci gaba da aiki. A wajen aikina na ga masu wannan ciwo da suka fara magani da wuri suna rayuwarsu, na kuma ga waɗanda aka gano a makare. In tana da shi, shirun da nake yi yana cin kwanakinta. Ga 'yar autarta da ta sha nono har kusan tafiyar Isuhu, ban ma san yadda zan yi tunanin wannan ba.

Mun shirya da Rakiya sama-sama, ta ce ta yafe mini. Shekaranjiya ta kira ni tana dariya, ta ce ba ta da kowa a ƙasar nan da ya fi ni, don haka ni zan riƙe hannunta in kai ta ɗakin Yaya.

'Yan uwa, me zan yi? In faɗa wa Rakiya ita kaɗai, in ce mata mijin da ta yi wa kuka shekara huɗu yana raye kuma ga abin da ya gudu ya bar ta da shi? In ta ƙi yarda, ko ta yarda amma ta ce in rufa mata asiri a yi auren haka nan, sai in yi yaya da yayana? Ko in fara da shi, alhali na san zuciyarsa, yana iya fasawa a ranar kuma gari ya tambayi dalili? Malaman da ke zauren nan, rantsuwar da na yi kafin in san abin da za a faɗa mini, tana ɗaure ni har in bar mutum biyu cikin haɗari? Ma'aikatan lafiya, akwai hanyar da za a kira ta gwaji ba tare da an ce daga wajena maganar ta fito ba? Don Allah kada ku ce in yi addu'a kawai, ina yi. Ranar Asabar zan ɗauke ta a mota mu je sayen labule da zanen gado, mu biyu ne kawai, kuma ba na jin zan sake samunta ita kaɗai kafin Sallah. Ku faɗa mini, in yi magana ko in yi shiru, in kuma maganar ce, da wace kalma zan fara?