Ƙulli Uku a Bakin Zane

Randagi.

Ruƙayyatu jikata,

Kacici-kacici: wane ne ba ya iya zama wuri ɗaya, yini yake yawo yana surutu, amma babu gidan da ya kai nasa zaƙi? Riƙe wannan tukuna.

Bayan gaisuwa mai yawa, uwarki ta ce an ba ki takardar gargaɗi a ofis, har kin daina cin abinci. Ke da kike sace mini ƙuli? Rubuto mini gaskiya.

Kakarki, Ladi.

Kaduna.

Kaka,

Ina gaisuwa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Gaskiya ne. Sau uku ina manta takardun taro. In na zauna gaban kwamfuta, hankalina sai ya tashi kamar an watsa wa kaji tsaba. Likita ya ce lalura ce, ADHD, ba lalaci ba, ya ɗora ni a kan magani. Amma shugabana ya ce kuskure ɗaya ya rage mini. Kaka, anya zan amfani kowa?

Taki, Ruƙayyatu.

Randagi.

Ja'ira,

Muna lafiya. Ashe abin har suna gare shi! Ni shekara saba'in ina fama da shi, ana ce mini Ladi mai ƙona tuwo. Kin zaci ƙulle-ƙullen bakin zanena ado ne? Kowane ƙulli aiki ne. Uku nake yi da safe, ba na ƙarawa. In na gama ɗaya in kwance shi. Ki gwada, ki kuma sha maganinki.

Sannan Helen, shugabar mata masu amya a nan, tana neman mai ilimi da za ta riƙa zagaya ƙauyuka a babur tana duba musu zuma. Duk wadda ta zo sai ta ce yawon ya yi yawa. Na ce mata ina da wadda kujera ke cizo.

Ki gaida likitan. Yana da mata?

Ladi.

Tabanni.

Kakata ta kaina,

Gaisuwa da ban girma. Ki yafe shirun wata huɗu. Da ƙullinki na ƙarasa aikin ofis ba kuskure, na ajiye shi da kaina, ba kora ba, na kama aikin Helen. Jiya a bakin daji na lura tururuwa na hawa wata bishiya mai amya, muka ceto amya shida. Helen ta ce idona ba ya barin komai. Abin da aka yi ta yi mini faɗa a kai ke nan! Yanzu matan ƙauyen Kazage ma ƙulli suke yi. Allah Ya saka miki, Ya bar mana ke.

Likita yana da mata. Amsar kacici-kacicin fa?

Ruƙayyatu.

Randagi.

'Yar nema,

Zumar da kika aiko ta iso, na gode. Wata biyar ke nan da wani ƙulli a zanena, na rasa na mene ne, sai yau da kika tambayi amsar. Na kwance shi.

Kudan zuma ne.

Ladi.